Sanyin da Gwaggo Ta Nema a Madina

Ranar farko ta zaman makokin Gwaggo, matan unguwarmu ta Ƙiblatain suka cika falon gidan bayan la'asar, har wasu suka zauna a kan matakala. Ana zagayawa da gahawa da dabinon da dangin Kaka suka aiko daga Khaibar. Tsofaffi na ce mini, "Ya haƙuri?" 'Yan mata na cewa, "Azzamallahu ajrakum." Ina amsawa, ina kuma sauraron abin da ake faɗa a kan matar da ta raine ni, raina yana ƙara ɓaci.

Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta ce, "Allah ya jiƙan Daktora. Duk maganin da aka rubuta mini a asibiti, sai na kawo mata ta duba kafin in sha." Wata da suka yi aiki tare a kwaleji ta ce, da Larabci, ba ta taɓa ganin malama mai tsanani a kan makara irinta ba. Sai wata 'yar uwar Kaka ta nisa, ta ce, "Ba miji, ba ɗa. Karatu ya cinye ta, baiwar Allah."

Na ajiye butar gahawar da ke hannuna, na ce, "Gwaggo fa ba likita ba ce."

Suka dube ni kamar na yi wa mamaciya ƙazafi. Maƙwabciyar ta ce, "To, don me ake ce mata Daktora?" Kafin in haɗa kalmomin aka kira magariba, kowa ta miƙe neman abayarta.

Abin da ya zaunar da ni rubutun nan ke nan. An sallaci Gwaggo a Harami, an kai ta Baƙi'a, inda ba a rubuta sunan kowa a kan kabari. In muka yi shiru, nan da 'yan shekaru abin da zai rage a bakin mutane shi ne wata tsohuwa marar aure mai duba takardar magani.

Yayar Babana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Kakanninmu sun zo aikin Hajji daga ƙasar Hausa ta hanyar Sudan, suka zauna, ita da Baba duk a Madina aka haife su. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, Baba ya sake aure, Gwaggo ta ɗauke ni. Da yake sunan Kaka aka sa mini, ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Dokar gidanta ɗaya ce: a yi Hausa. In ta tambaye ni abu na amsa da Larabci, kamar yadda duk tsarana suke yi, sai ta ci gaba da abin da take yi ta ce, "Ban ji ba." Ita da ta yi rayuwarta tana koyarwa da Larabci, tana karatu da Turanci. Hausar da nake rubutu da ita yau, daga "ban ji ba" ɗin nan na same ta.

Fanninta fiziya ne, kimiyyar da ke binciken yadda abubuwa suke motsi da abin da ke motsa su. Ni ma shi nake koyarwa yanzu a makarantar sakandaren 'yan mata, ko da yake ban kama ƙafarta ba. Na fara gane aikinta ne wata ranar Juma'a da hantsi, ina aji na ƙarshe a sakandare, muna gyaran ɗakin Kaka. Ta ɗauko gawayi daga kaskon turaren wuta ta ɗora mini a tafin hannu.

Ta ce, "Abin da ke cikin wannan, kabon ake ce masa. Ki ɗauka an yi shimfiɗa da shi, mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak, an naɗe ta kamar tabarma. Bututun da zai fito, sai kin haɗa dubbai kafin su kai kaurin gashin kanki. A cikinsa ake kama ilaktaron guda ɗaya, ɗan abin nan da ke gudu a cikin waya ya kawo mana lantarki."

Na ce, "In an kama shi a yi me da shi?"

Ta jawo tsohon mazarin kaɗin Kaka daga cikin adaka. Ta ce ilaktaron yana da wata ɗabi'a da Larabawa suka sa wa sunan mazari. Saboda ita, yana zama kamar ƙaramar allurar maganaɗisu, ko ta dubi sama, ko ta dubi ƙasa. Wanda ya iya juya allurar nan yadda ya ga dama, zai iya ajiye bayani a cikinta, har a gina na'urar lissafi irin wadda ba a taɓa yi ba. Na karɓi mazarin na murza shi a cinyata, na ce ashe haka yake juyawa. Ta fizge abinta. "Suna ne kawai. Babu wanda ya ga yana juyawa. Duk ranar da kika zama malama kika ce wa yara yana juyawa kamar mazari, ban yafe ba."

Haka take. Za ta ba ka misali da hannun dama, ta ƙwace da na hagu don kar ka riƙe shi da ƙarfi.

Matsalar da ta sha mata kai ita ce ta yadda za a juya allurar. Maganaɗisu yana juya ta, amma shi kamar ranar azahar ne a farfajiyar Harami, kowa yake duka, ba ka iya nuna masa mutum ɗaya. Lantarki kuwa ana iya kai shi da siririyar waya daidai inda ake so, sai dai allurar ba ta jin maganarsa kai tsaye. Dabarar tana jikin bututun. Saboda naɗin da aka yi masa, yadda ilaktaron ke zagaya shi yana ɗaure da inda allurarsa take duba. In aka lanƙwasa bututun kaɗan, aka sa shi cikin maganaɗisu tsayayye, aka riƙa tura ilaktaron gaba da baya da lantarki a kan lanƙwasar, sai ƙarfin da yake ji ya riƙa sauya fuska, har allurar ta kifa. Wannan ne Gwaggo ta yi shekaru tana lissafawa a teburin cin abincinmu. Ta sha gaya mini ba ita kaɗai ba ce a duniya take wannan tunanin. Amma a Madina ita kaɗai ce.

Lissafi kuwa ba ya isa, sai an gwada. Gwajin yana son sanyi, don zafi yana girgiza komai ya ɓata awon. Sanyin da yake so ya wuce na ƙanƙara nesa ba kusa ba, sai an kusa ƙarshen sanyin da Allah ya halitta, da na'ura ta musamman da iskar hiliyom da aka mayar ruwa. Wannan na'urar Gwaggo ta roƙa tun tana da ƙarfinta. A ɓangaren mata na kwalejin da take koyarwa babu ko kwatankwacinta. Duk shekara sai ta nema, duk shekara a ce mata an kafa lajana, wato kwamiti, za a duba. Shugaba ya sauka, wani ya hau, a sake kafa wata lajanar ta duba abin da ta farko ta ce. Har maganar ta shigo mana gida. In ta sa ni wanke-wanke na yi nawa, sai in ji ta daga falo: "Uwata, ko sai an kafa lajana?"

Ba zan ce mai sauƙin hali ba ce. Alherinta ma da faɗa yake tafe. Baba direban bas ne, yana ɗaukar alhazai daga Bi'ir Ali, inda ake ɗaukar harami, zuwa Makka, kuma duk lokacin Hajji in ba ta da aji sai ta bi shi can da lemarta da robobin ruwa, ta tsaya ta ƙofar mata. Tsofaffin da suka zo daga Nijeriya da Nijar, in sun fito daga masallaci da niyyar harami, sai su ga motoci birjik duk iri ɗaya, su rikice. Wata rana muka tarar da wata tsohuwa 'yar Damagaram tana kuka, ta ɓace wa ayarinta, takalminta ma ya ɓata a wurin alwala, ga kwalta kamar wuta. Gwaggo ta tuɓe nata ta zura mata, ta riƙe hannunta, muka shiga bin motoci ɗaya bayan ɗaya, ita da safa kawai. Duk tafiyar nan faɗa take yi mata. "Hajiya, an rataya miki kati a wuya, kin cusa shi cikin zane. Wa zai karanta shi a can?" Da muka sami motar, tsohuwar ta fara jero addu'a, Gwaggo ta tura ta ciki ta ce, "Ki yi a hanya, direba na jira." Kwanaki ta yi tana shafa wa tafin ƙafarta man zaitun.

Takardun maganin ma gaskiya ne, tana dubawa. Ta gaji da cewa ita ba likita ba ce, sai ta koma karanta musu abin da aka rubuta da Hausa, ta buga wa mai kantin magani waya ta tabbatar, sannan ta yi musu faɗa a kan shan shayi da sukari.

Rigimarsu da Baba ta faru ne ina jami'a. Wani ɗakin bincike a wata ƙasar Turai, da suka ga lissafinta, suka gayyace ta ta je ta yi zango ɗaya a gwada lanƙwasasshen bututun tare da ita. A lokacin mace ba ta fita ƙasar sai da izinin waliyyinta, kuma tun rasuwar Kakanmu namiji, Baba ne waliyyinta, ƙaninta da ta goya. Kaka kuma ta sami shanyewar ɓarin jiki a shekarar, ba ta karɓar abinci daga hannun kowa sai na Gwaggo.

Bayan azahar ne, a tsakar gida, ina shanya. Baba ya ce, "Yaya, ki duba halin da Inna take ciki."

Gwaggo ta ce, "Na duba. Ga matarka, ga Uwata, ga ka. Zango ɗaya ne, Auta. Zan dawo kafin azumi."

"In ta rasu ba kya nan fa?"

"In ta rasu ina nan, ni zan hana?"

Sai Baba ya faɗi abin da na san ya daɗe a cikinsa. Lokacin da aka tura Gwaggo karatun digirin ƙarshe a waje, shi ne ya bar makarantar koyon sana'a ya raka ta a matsayin muharrami. Ya ce, "Samartakata a cikin dusar ƙanƙara na yi ta, ina jiran ki a ɗaki, ban san kowa ba. Na dawo abokaina sun yi nisa, na kama sitiyari. Ban taɓa yi miki gori ba. Yau uwarmu nake roƙa miki, a kan wani abu da ko ido ba ya gani."

Ta ce, "Ban ce ka raka ni ba. Hannu kawai za ka sa."

Ya ce, "Ba zan sa ba."

Na jira ta yi faɗan da ta saba, ba ta yi ba. Ta shiga kicin ta dama wa Kaka kunu, ta zauna ta ba ta cokali-cokali har ya ƙare. Daga ranar ta daina ce masa Auta. In ya gaishe ta, ta amsa, ta tambayi iyali, ta tambayi hanya, shi ke nan. Kaka ta rayu shekaru bayan haka, duk a hannunta.

Na daɗe ina jin haushin Baba, kuma har yanzu bai gama sauka ba. Amma na ga yadda Kaka take dantse baki in wani ya kawo cokali, na kuma san abin da ya faɗa a kan samartakarsa gaskiya ne. Abin da ke cina shi ne na rasa wanda zan ɗora wa laifin gaba ɗaya in huta.

Bayan wasu shekaru wasu masu bincike a can waje suka yi gwajin, ya kuma yi. Na dawo daga makaranta na tarar da ita da takardun a gaban fanka, gilashinta a goshi. Ta ce, "Uwata, ta kifa. Sun tura shi da lantarki, ta kifa." Na ce to ai sai murna, lissafinta ya yi daidai. Ta ce, "Wani wajen ya yi, wani wajen na kuskure. Da na tsaya a gaban na'urar, da tuni na san inda na kuskure." Washegari ta kai wa ɗalibanta labarin, ta cika allo da zane, ta ƙare aji bakinta ya bushe. Wata ta ɗaga hannu ta ce, "Daktora, wannan zai fito a jarrabawa?" Ta dawo gida ta ba ni labarin tana dariya, amma ranar ba ta ci abincin rana ba.

Na'urar sanyi ta zo kwalejin a shekarar da ta yi ritaya. Suka gayyace ta bikin buɗewa, ta je, ta duba bayanin da ke jikinta, ta dawo. Na tambaye ta yaya. Ta ce, "Tana da kyau. Sanyinta bai kai ba, amma tana da kyau a hoto."

Da aka sassauta dokar tafiya, mace ta sami damar fita da fasfonta ba tare da izinin kowa ba, Baba ya zo da kansa ya gaya mata. Ina ganin ya ɗauka albishir ya kawo. Ya ce, "Yaya, yanzu ba kya bukatar sa hannuna." Tana zaune ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura a kan matashi. Ta ce, "Yanzu gwiwa nake bukata. Kana da ita?" Mutanen da suka gayyace ta a da sun watse, masu fannin da yawa sun koma kan wasu abubuwan. Baba ya sha shayinsa ya tafi.

A ciwonta na ƙarshe likitoci suka ce a yi mata hoton kai a babbar na'urar nan mai rami, wadda ake cire wa mutum duk wani ƙarfe kafin ya shiga. Ni na tura kekenta da safe. Tana ganin na'urar ta riƙe mini hannu, ta ce, "Kin san abin da ke cikin cikinta? Hiliyom ne, ruwansa, shi ke sanyaya maganaɗisun. Duk wanda na roƙa ga shi nan, a bayan unguwarmu." Ta juya ga ma'aikaciyar ta shiga tambayarta ƙarfin maganaɗisun nawa ne, yaushe aka ƙara masa ruwan. Yarinyar ta amsa abin da ta sani, sannan ta ce, da kiran girmamawar da Larabawa ke yi wa manyan mata, "Ya khala, ki kwanta, kar ki motsa." Ana tura ta ciki Gwaggo ta ce mini da Hausa, "Irin allurar nan za su juya a cikin kaina, Uwata. Ta ƙwayoyin ruwan jikina. Na zo gwajin dai, sai dai ni ce bututun." Na yi dariya a gabanta, na fita baranda na yi kuka.

Ba ta daɗe ba bayan nan. Ta cika da rana tsaka, ina gefenta, Baba yana kan hanyar dawowa daga Makka da mota babu kowa. Ya iso an riga an rufe mata fuska.

Da aka tashi makoki, washegari da safe Baba ya zo ya ce in shirya. Mata ba sa shiga Baƙi'a, don haka muka tsaya ta waje, jikin katangar, inda ake leƙawa ta tsakanin ƙarafa. Ya miƙa hannu ya ce, "Can wajen, bayan hanyar nan ta biyu." Na duba. Ƙasa ce ja-ja da ƙananan duwatsu iri ɗaya har iyakar gani, tattabaru na sauka suna tashi. Na ce na gani, alhali ban gane wanne ba ne.

Muka yi mata addu'a. Bai sauke hannunsa daga jikin ƙarfen ba, ya ce, "Da ta je, da ita za ta fara ganin abin?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba. Wataƙila a'a. Suna da yawa, sun fi ta kayan aiki."

"To me ta rasa?"

"So take ta gani da idonta, ko da a bayan kowa ne."

Wani ɗan sanda ya wuce yana ce wa mutane su matsa gaba, Baba bai ko waiwaya ba. Can ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Da Inna ta ci a hannuna. Kwana biyu za ta yi tana ƙi, yunwa ta sa ta ci."

Na san abin da ake faɗa a irin wannan wurin. A ce ƙaddara ce, a ce ya wuce, a ce ba komai. Ban iya ce masa "ba komai" ba. Na dai cire hannunsa daga jikin ƙarfen, wanda rana ta fara gasawa, na riƙe, muka juya zuwa inda ya ajiye mota.

Ya Allah, baiwarka ce, ta yi wa uwarta hidima har ƙarshe, ta raini marainiya, ta nemi sanin ƙanƙanin abin da ka halitta, ba ta sami yadda take so ba. Ka gafarta mata, ka yalwata makwancinta, ka sanyaya shi. Ka sassauta wa ƙaninta abin da yake ɗauke da shi, ni kuma ka ba ni haƙurin da har yau ban samu ba.